A binciki ruwan kamfanonin giya da dare, kuma cikin rani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, da takwararta ta jihar Kaduna, KEPA, kan ruwan da masana'antun giya ke saki, tunda akwai irinsu a Kakuri da Kudenda, kusa da Kogin Kaduna.

Duk lita ɗaya ta giya kan bar lita 3 zuwa 10 na gurɓataccen ruwa, mai ɗauke da dusar dawa da sha'ir, da yis, da sukari. Ba guba ba ne, shi ya sa ake raina shi. To amma da ya faɗa kogi sai ƙwayoyin bakteriya su far masa, su shanye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Ma'aunin wannan ɓarna, wato BOD, kan kai miligiram 1,200 zuwa 3,600 a lita, alhali na kwatar gidaje bai cika wuce 300 ba. Oksijin na sauka ƙasa da miligiram 2 a lita, sai ka ga kifi ya taso ciki sama, ruwa ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ga kuma kostik soda ta wanke kwalabe da asid na wanke tankuna, su ne ke ƙona ganyen mai lambu.

Maganin sananne ne. A tace dusa, a tara ruwan a tanki ya huce, a kashe kaifinsa, a wuce da shi rufaffen tankin da bakteriya ke cinye dattin su ba da gas ɗin girki, sannan a hura masa iska, laka ta kwanta. Matsalar ita ce injin hura iska ci-wuta ne, dizal kuwa ya yi tsada. Kuma idan soda ta kwarara da yawa lokaci guda, bakteriyar ta mutu, sai an yi makonni kafin ta farfaɗo. A irin wannan tsakani ne wasu ke buɗe ɓoyayyen bututu da tsakar dare, su saki ruwan ba tacewa.

Doka kam akwai ta tun 2009, ta musamman kan masana'antun abinci da abin sha da taba. Sai dai ziyarar rana tsaka da aka riga aka sanar ba ta kama kowa. A je ba sanarwa, a ɗebi ruwa a bakin bututu da dare, musamman Maris da Afrilu da kogi ke janyewa, jami'in hukuma ya kai shi ɗakin gwaji da hannunsa. A kuma tilasta kafa na'urar awo mai aiki dare da rana a mafitar kowane kamfani.

Wassalam.
Wani mai karatu, Kaduna.