Gaisuwar Babbar Sallah daga Bradford

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Abba da Umma da duk mutanen gida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu da layyarmu, ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Ni lafiyata ƙalau, aiki ma alhamdu lillahi. Na san war haka tsakar gida ta turnuƙe da hayaƙi, Gwaggo ta kafa kaskon suya, yara sun kewaye ta suna jiran hanta. Mu nan cikin yayyafi aka sauko daga idi. Doka ba ta yarda a kayar da rago a ƙofar gida ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, don haka na biya kuɗin layyata wurin wani mahauci ɗan Fakistan. Gobe naman zai iso a yayyanke cikin kwali, na kuma roƙe shi kada ya manta da hanta da ƙoda da tumbi.

Umma, duk wayar da muka yi sai kun tambaye ni me nake ci, saboda kun ji an ce abincin Turawan Ingila lami ne, dafaffen dankali da ganye, ba mai ba yaji. A waya ba ma samun sukunin wannan hira, ana ta miƙa wa wannan ana miƙa wa wancan. Yau ina da hutu, bari in ba ku amsa a tsanake.

Da farko dai Birtaniya ba tukunya ɗaya ba ce. Yadda girkin Bakano ya bambanta da na Babarbare da na Bafulatanin ruga, haka na mutumin Sikotland ya sha bamban da na mutumin Landan. Abin da na lura da shi kuma, yawancin abincin da suke alfahari da shi a yau talakawa ne suka ƙirƙiro shi, masu haƙar ma'adinai da masaƙa da makiyaya da masunta, a ƙasar da sanyi ke cinye rabin shekara.

Tunda ranar kayan ciki ce yau, in fara da Sikotland. Abincin da suka fi ji da shi sunansa hagis. Ana dafa zuciyar tunkiya da hanta da huhu, a daddatsa su ƙanana, a haɗa da albasa da kitse da gishiri da masoro, a zuba garin ots, hatsin nan na gwangwani da ake dama wa mara lafiya. Sai a ɗura duka cikin tumbin tunkiyar, a ɗinke, a jefa a ruwa ya yi ta dahuwa na awoyi. Dalilin ots shi ne alkama ba ta son sanyi da damshin arewacin tsibirin, shi kuwa yana yi. Dalilin kayan cikin kuma ba sai na faɗa muku ba: su ne ke saurin lalacewa in an yi yanka, su ne kuma rabon wanda ba shi da kuɗin cinya. Wata abokiyar aikina 'yar Glasgow ta taɓa kawo mini wanda wani mahauci Musulmi ya haɗa. Da aka tsaga shi da wuƙa tururi ya taso, cikin ya warware wara-wara, baƙi-baƙi, ƙamshin masoro ya cika ɗakin. Da dakakken dankali muka ci. Wallahi Umma na ji daɗinsa, na kuma san da kun ɗanɗana cewa za ku yi a ƙara attaruhu kawai. Duk ranar 25 ga Janairu sukan taru su ci shi don tunawa da wani babban mawaƙinsu, a shigo da shi kan faranti ana busa algaitarsu mai jaka.

Nan arewacin Ingila masaƙu ne suka gina garuruwan, ulu a Bradford, auduga a Manchester da sauran yankin Lancashire. A da mata da maza duk suna masaƙa tun asuba, babu mai zaman gadin tukunya. Shi ya sa suke da wani girki na naman tunkiya da albasa, a jera yankakken dankali a sama, a tura tanderu da ƙaramar wuta, a dawo da yamma a tarar ya nuna luguf. Tumbi da ƙafar sa ma sun ci su sosai a da, har shaguna na musamman ake da su, sai dai yaran yanzu sun guje su. Akwai kuma abin da ba namu ba: wani abu baƙi da suke yi da jinin alade su ci da karin kumallo. Wannan ko kusa da shi ba na zuwa, ku kwantar da hankalinku.

A gidan kula da tsofaffin da nake aiki, ranar Lahadi ba a fasa gasasshen nama da dankali da romo. Kusa da naman akwai abin da yankinmu na Yorkshire ya yi suna a kansa. Ƙullu ne na fulawa da ƙwai da madara, a zuba shi cikin kitse mai tsananin zafi, ya kumbura ya yi rami a tsakiya, gefensa ya yi ƙaras-ƙaras. A da ƙarƙashin naman ake ajiye shi don maiƙon da ke ɗiga kada ya tafi a banza, kuma shi ake fara ba yara da romo su cika ciki kafin a zo kan naman, wanda ba shi da yawa. Duk uwar da ta taɓa raba nama kaɗan ga yara da yawa za ta gane wannan dabara, ni kuwa tun da na ji labarin nake ganin girman matan da suka yi ta.

Can ƙuryar kudu maso yamma, a Cornwall, a da masu haƙar kuza ne. Matansu kan naɗe nama da dankali da albasa cikin kwaɓin fulawa, a murɗe bakin, a gasa, miji ya sa a aljihu ya shiga rami. Wales kuma tsaunuka ne da ciyawa, tumakinsu sun fi mutanensu yawa nesa ba kusa ba.

Wanda na fi saye shi ne soyayyen kifi da dankali, wanda babu unguwar da ba ta da shagonsa. Yahudawan da asalinsu Sifaniya da Fotugal ne suka zo da al'adar soya kifi cikin fulawa. Wajen shekarun 1860 aka fara sayar da shi haɗe da soyayyen dankali, har yau kuma mutanen Landan da na Lancashire na jayayya kan wa ya riga. Jirgin ƙasa ne ya yaɗa shi, domin shi ya sa kifin da aka kamo a Grimsby da Hull ke isa garuruwan tudu bai lalace ba. Gishiri da ruwan khal ake yayyafa masa, a da ma cikin tsohuwar jarida ake naɗe shi. Sai dai ina tambaya kafin in saya, saboda a Yorkshire da yawa da kitsen sa suke suya, wanda ba yankan Musulmi ba, wasu kuma kan zuba giya a ƙullun. Akwai shagon Musulmi kusa da mu da ke amfani da man girki, can nake zuwa.

Maganar lami kuwa tana da tushe, tsofaffin da nake kula da su ne suka fahimtar da ni. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu kusan kashi biyu cikin uku na abincin ƙasar nan daga waje ake kawo shi, sai Jamus ta shiga nutsar da jiragen ruwan. A watan Janairun 1940 gwamnati ta fara rabon abinci da kati, ba a kuma daina ba sai 1954, shekara tara bayan an gama yaƙin. Ko burodi sai da aka sa shi a kati daga 1946 zuwa 1948. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura casa'in, ta ce mini kowane baligi ƙwai ɗaya yake samu a mako. Har yau ba ta barin ɓawon burodi a faranti, sai ta naɗe shi a takarda ta ajiye a aljihun rigar sanyinta. Shekara 14 mata na girki ba isasshen man shanu da sukari da nama, 'ya'yansu mata suka tashi ba su ga an yi girkin kakanninsu ba. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne, kuma ba na jin daɗi in na ji ana yi musu dariya a kai. Abba, nan labarin dalar gyada da kuke ba mu ya shigo. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyadarmu ta yi shekaru tana gangarawa Ikko ta hau jirgin ruwa zuwa Ingila, a matse ta a yi mai da bota. Ke nan guminmu na cikin abin da suka shafa wa burodi a waɗancan shekaru.

Yanzu kam yaji ya shigo ƙasar sosai. Tun 1810 wani mutumin Indiya, Sake Dean Mahomed, ya buɗe gidan abincin Indiya a Landan. Daga baya mutanen Sylhet na Bangladash suka cika ƙasar da irin waɗannan gidaje, a Bradford kuma mutanen Mirpur ta Kashmir ɓangaren Fakistan da suka zo aikin masaƙa a shekarun 1950 da 1960 suka kafa nasu. A 2001 ministan harkokin waje na lokacin, Robin Cook, ya fito fili ya kira wata miyar kaza mai kori abincin ƙasa. Albarkacin waɗannan bayin Allah ne nake samun naman halal da kuɓewa da attaruhu a bakin titinmu. Saboda haka Umma ba na zama da yunwa, tuwo ma ina tuƙawa da garin semo duk ƙarshen mako.

Abin da ba na samu mai kyau shi ne daddawa da kuka. In Kawu zai taso bayan Sallah, don Allah a ba shi su, da yajin Gwaggo. Amma kada a sako kilishi ko dambun nama ko soyen layya, an hana shigowa da nama, ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Na turo goron Sallar yara ta hannun Yaya, a raba har da 'ya'yan maƙwabta. A gaishe mini da Hajiya Kaka, a ce ina neman addu'arta, a gaishe da Gwaggo da Auta da kowa da kowa.

Wassalam,
'Yarku