Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Gwajin Sinadarai

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu malamai da abokan aiki, aikin da reshen Damagaram na ƙungiyarmu ta masana sinadarai ya ɗora mana, wato gyaran ɗakin gwaji na makarantar lise (babbar sakandare), ya kammala. Makulli yana hannun darakta.

Ranar da muka fara shiga ɗakin, kwanon rufi duk ya ɓule, famfo a bushe, kabad ɗin ƙarfe kuwa tsatsa ta cinye shi tun daga ciki, domin an bar kwalaben asid hidroklorik ba a rufe su da kyau ba, tururinsa kuma ba ya barin ƙarfe. Yara masu shirin BAC, jarrabawar kammala lise, a allo kawai suke ganin gwaji, da alli.

Rufi da ƙofofi ba su ba mu wahala ba. Inda muka yi doguwar gardama shi ne ruwa. Wasunmu sun so a fara da fenti, don baƙo ya ga an yi aiki. Amma duk ɗan garin nan ya san a kan dutse muke zaune, ruwan da muke sha daga wajen gari ake turo shi, irin su Gogo Macaya da Arungusa, kuma in bazara ta kama, famfo yakan yi kwanaki shiru. In asid ya fallatsa wa yaro a ido, sai an yi aƙalla minti 15 ana wanke idon da ruwa mai gudu. Da wane ruwan? Shi ya sa kaso mafi tsoka na kuɗin ya tafi kan tanki da muka ɗora a kan gini, da bututu zuwa kowane tebur, da famfon wanke ido kusa da ƙofa. Fenti ya zo daga baya, shafi ɗaya, kuma ba mu yi nadama ba.

Akwai kuskuren da dole mu faɗa. Magini ya shafe saman teburan da siminti zalla, ya goge shi sumul. Siminti kuwa abincin asid ne. Laifin namu ne, mu da muka san haka ba mu gaya masa ba, muka ɗauka kowa ya sani. Sai da aka sake kawo shi ya liƙa karo, wato tayil, a kai, mako guda ya tafi a banza.

Ɗakin ajiya mun mai da shi ɓangaren da ranar yamma ba ta duka, saboda zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. An huda tagogin iska a sama. Asid yana gefensa a kanta ta ƙasa, soda mai ƙuna (kishiyar asid) a nata gefen, asid nitirik kuma nesa da alkol da aseton.

Membobinmu da ke koyarwa a Jami'ar André Salifou su suka tantance tsofaffin kwalabe, na matatar mai ta SORAZ suka kawo tabarau da safar hannu daga aljihunsu. Wata malama da ɗalibanta suka zana jadawalin sinadarai na Mendeleyev a bango, gidaje 118 cif.

Ranar buɗewa ba mu taɓa kwalba ko ɗaya ba. Zoɓo muka jiƙa, muka sayo kanwa da lemon tsami a kasuwar Dole. Aka ɗiga lemo, ruwan ya ƙara ja. Aka zuba ruwan kanwa, ya juya kore-kore. Yaran sai da aka kore su gida.

Abin da bai samu ba shi ne akwatin zuƙe hayaƙi, kuɗi ba su kai ba. Kafin a same shi, mun rubuta wa darakta cewa kada a yi duk gwajin da ke fitar da iskar kulorin. Rasit-rasit suna wurin ma'aji ga mai son dubawa, sannan muna neman membobi da za su riƙa karɓar yara a ɗakin ranakun Asabar.