Rahoton Ayyukan Shekara: Koya wa Yaran Firamare Karanta Taswira

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa malamai maza da mata.

Kamar yadda muka saba, sakatare ne ke kawo bayanin abin da aka yi a shekara, ma'aji kuma ya zo da lissafin kuɗi a takardarsa daban. A taronmu na bara mun amince cewa bana ba za mu raba ƙarfinmu gida goma ba. Abu ɗaya muka kama, wato koya wa yaran aji huɗu zuwa aji shida karanta taswira. Dalilin kuwa kowa ya san shi. Yaro zai rera maka jihohi 36 da manyan biranensu, daga Abiya har Zamfara, ko tuntuɓe babu, amma ka shimfiɗa masa taswira ka ce ya ɗora yatsa a kan Kano, sai ya tsaya yana zare ido.

A zangon farko mun zaga makarantun da membobinmu ke koyarwa don mu ga abin da ke ƙasa. Wasu azuzuwan ba taswira ko ɗaya. Inda ake da ita kuma, sau da yawa tana ofishin hedimasta a naɗe, gara ta ci gefenta. A wata makaranta mun tarar da ta zamanin jihohi 19, wadda aka zana bayan 1976: Katsina na cikin Kaduna, Jigawa na cikin Kano, ga Gongola da sunanta ɓaro-ɓaro. Wasu suka ce a jefar da ita. Ba mu jefar ba. Mun rataye ta kusa da sabuwa, muka bar yara suna neman bambanci da kansu. Ta haka suka gano an fitar da Katsina a 1987, Jigawa a 1991, shekarar da aka raba Gongola ta zama Adamawa da Taraba, Zamfara kuma a 1996. Darasin tarihi ya shigo ba mu gayyace shi ba.

Inda muka fi shan wuya shi ne jihohin nan huɗu na duniya, wato gabas, yamma, kudu da arewa, kuma a nan muka fi ƙaruwa. Yaranmu sun san gabas tun kafin su shiga makaranta, saboda salla. Bahaushe idan ya fuskanci gabas, kudu na damansa, arewa na hagunsa, yamma na bayansa. Taswira kuwa arewa take ɗorawa a kai. Da zarar an kafa ta a bango, sai yaro ya ɗauka arewa ita ce sama, wajen rufin kwano, kudu kuma ƙasa, wajen daɓe. Mun gane girman matsalar ne ranar da wata malama ke nuna yadda Kogin Haɗeja ke tafiya arewa maso gabas, ya haɗu da wasu ruwaye su zama Kogin Yobe, har Tafkin Chadi. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ruwa ai ba ya hawa sama." Gaskiyarta ce, a yadda aka nuna mata. Laifin na bango ne.

Daga nan muka yanke cewa darasin farko ba a bango za a yi shi ba. A sauke taswira ƙasa, a fita fili da hantsi, a tsayar da yara su nuna mafitar rana, sannan a juya takardar har arewarta ta dace da arewar gaske. Da toka muke zana iyakar Najeriya a filin makaranta, mu shimfiɗa igiya biyu, ɗaya Kogin Kwara ɗaya Kogin Binuwai, mu haɗa su a Lakwaja su gangara teku. Sai a ce wani ya tsaya a Nijar, wani a Kamaru, wani a Binin, wani ya matsa can kusurwar Chadi. Yaron da ya taka da ƙafarsa daga Sakkwato zuwa Maiduguri rana na dukan goshinsa, ba ya sake tambayar ina ne gabas. Fararen layukan nan masu kama da reshe a tambarin ƙasa ma, sai a ranar wasu suka san kogunan nan biyu ne.

Abu biyu nake roƙon malamai su kiyaye a nan, don mun ji ana kuskurensu. Na ɗaya, alƙibla ba ita ce gabas sak ba. Daga Kano ta karkata zuwa arewa, kusan digiri 68 idan an ƙirga daga arewa, gabas kuwa 90 ce. Na biyu, rana ba a wuri ɗaya take ɓullowa duk shekara ba: da damina takan jirkita wajen arewa, da hunturu wajen kudu. Don somin-taɓi ta wadatar, amma 'yan aji shida su riƙa gwadawa da kamfas, wato na'urar da ke nuna arewa, ko na cikin waya ne.

Ma'auni shi ne aikin zango na biyu. Ba mu fara da lambobi ba. Yara sun auna ajinsu da taku, aka ce kowane taku ɗaya gida ɗaya ne a littafin lissafi mai murabba'i, suka zana ajin kamar tsuntsu ne ke kallonsa daga sama. Nan ma an yi dariya, domin yawancinsu sun zana tebur da ƙafafunsa huɗu, alhali mai kallo daga sama ba ya ganin ƙafa. Sai da aka ɗora yaro a kan benci ya leƙa bokiti, ya ga da'ira kawai yake gani. Bayan aji sai harabar makaranta, sai hanyar gida zuwa makaranta. A ƙarshe ne muka nuna wa 'yan aji shida abin da 1:50,000 ke nufi, wato santimita biyu a takarda kilomita ɗaya ce a ƙasa, suka riƙa bin lanƙwasar hanya da zare suna ɗora shi a kan rula. Ban ce duk sun gane ba. Wanda bai iya sau da rabawa ba, a nan yake maƙalewa, kuma wannan ya fi ƙarfin darasin taswira shi kaɗai.

Alamomi ba su ba mu wahala ba. Shuɗi ruwa, kore ciyayi da daji, ruwan ƙasa tuddai. Mun bar su su ƙirƙiro nasu na masallaci da rijiya da injin niƙa, da sharaɗin kowa ya rubuta fassarar alamarsa a gefen takarda.

Fita ɗaya muka samu yi, zuwa Dutsen Dala. Daga kan dutsen yara suka daidaita takardunsu da kamfas, suka gano Gwauron Dutse ta wajen yamma, Babban Masallaci da Gidan Rumfa ta kudu maso gabas. Muna godiya ga iyayen da suka yarda, da malamai matan da suka riƙe ƙanana a kan matakala.

Akwai membobin da suka ce wahalar banza muke yi tunda ga Google Maps a kowace waya. Na ji hujjarsu, amma ban gamsu ba. Nawa ne a cikinmu nan suka taɓa bin ɗigon nan na waya suka yi ta juyi a shataletale, don ba su san ina suka fuskanta ba?

Abin da bai yi daɗi ba: ruwan farko ya wanke taswirorin toka, filaye suka yi taɓo, aikin waje ya tsaya cik a zango na uku. Cunkoson aji ya sa a wasu wuraren na gaba kaɗai ke ganin takarda. Bitar malamai da muka yi niyyar yi a kowane zango, ba ta samu halarta yadda ya kamata ba, kuma yawanci fuskoki ɗaya ne ke zuwa. Wannan a tsakaninmu yake, sai mu gyara.

Kwamitin zartarwa na kawo shawara cewa baɗi a zana taswirar Najeriya da fenti a kan daɓen siminti, a makarantun da suka ba da wuri, arewarta na kallon arewar gaske, sannan a ƙara ta Jihar Kano da ƙananan hukumominta 44. Za a kaɗa ƙuri'a a kai bayan rahoton ma'aji. Duk wanda ke da tsohuwar kalanda mai taswira, ko ta wace shekara ce, ya miƙa wa mataimakiyar sakatare kafin a tashi.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya