Tallafin waje ya janye, wa zai riƙe yaran da ke fama da tamowa?

Edita, assalamu alaikum.

Ni ungozoma ce a Kurna, kuma shekara goma ina raka mata asibitin unguwa. Makon jiya na kai maƙwabciyata da ɗanta mai wata goma sha huɗu. Aka naɗa masa ɗan tef ɗin awo a dantse, ya tsaya kan ja, alamar tamowa mai tsanani. Ma'aikaciyar ta ce abincin gyaɗar nan na masu tamowa ya ƙare, mu dawo wani makon. Uwar ta goya shi ba ta ce uffan ba, ni kuwa har muka iso gida ƙirjina na zafi.

Tun da Trump ya dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025, aka kuma rufe USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, nake jin mutane na tsine wa Turawa. Wallahi ni ma abin ya yi mini ciwo, domin yanke magani dare ɗaya zalunci ne.

Amma Edita, a Abuja aka zauna a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Abincin nan fa gyaɗa ce da madara da sukari da mai. Ga kasuwar Dawanau maƙil da gyaɗa, a garin da aka yi dalar gyaɗa!

Ina roƙon 'yan majalisarmu su sa kuɗin sayensa cikin kasafi, a kuma sake su kan lokaci. Ranar Talata za mu koma da yaron.

Wata ungozoma,
Kurna, Kano