Wasiƙa Kan Kukan Sauron Da Ke Cikin Sifikarka

Zuwa ga abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, da hotunan akwatin sifikar da ka haɗa, da ɗan sautin da ka naɗo mini. Sau uku na saurare shi. Aikin katakon ya yi kyau ƙwarai, kuma na ji daɗi da ka koma riƙe dalma bayan tsawon lokaci. Sai dai ina roƙonka, fanel ɗin amfilifaya na ukun nan da ka ce za ka saya, dakata tukuna. Ina kyautata zaton amfilifayarka lafiyarta ƙalau. Ciwon yana hanyar wuta ne, can kuma matsalar batirin take.

Ƙara iri biyu na ji. Akwai "shuuu" mai kama da iska, wadda ba ta tsayawa. Akwai kuma siririn kuka irin na sauro, wanda ka ce yana tsananta da zarar wayarka ta haɗu da Bluetooth. Kowanne da mafarinsa, don haka ka raba su kafin ka taɓa komai. Zare wayoyin da ke kawo sauti daga Bluetooth, ka sa guntuwar waya ka haɗa mashigar sautin amfilifayar da giraun, wato layin nagetib da wuta ke komawa ta cikinsa, sannan ka kunna. Abin da ka ji a lokacin, na amfilifayar ne. Bayan nan mayar da wayoyin, amma ka ba fanel ɗin Bluetooth wuta daga fawa bank, shi kaɗai. Idan sauron ya yi shiru, ka kama ɓarawonka.

Ni ma na sha wannan wahala. Na kwashe makonni ina canja wayoyi da kwandansa kafin na fahimci dalilin. Bluetooth ba ya jan wuta a miƙe, fizga yake yi. Yana tsalle tsakanin tashoshi 79 a zangon 2.4 GHz, har sau 1600 a daƙiƙa, kuma wutar da yake sha tana hawa da sauka tare da aikinsa. Wutar nan dole ta koma batir. A yadda ka haɗa, hanya biyu gare ta: wayar nagetib, da kuma giraun ɗin wayar sauti. Duk abin da ya bi hanya ta biyun, amfilifaya ba ta iya bambance shi da kiɗa, sai ta ƙara masa ƙarfi ta miƙa wa sifika. Shi ya sa wani fanel ba zai yi maganinsa ba, ko na wane kamfani ne.

Abin da ya raba ni da shi wani ɗan baƙin abu ne da bai wuce kan yatsa ba, B0505S. Bolt 5 ke shiga, bolt 5 ke fita, amma babu haɗin waya tsakanin ɓangarorin biyu. Wat ɗaya yake bayarwa, wato mA 200, kuma ya ishi Bluetooth. Ka sa shi bayan LM2596 ɗinka, wato fanel ɗin da ke sauko da wutar batir zuwa bolt 5. Ka kula, nagetib ɗin da ya fito daga gare shi kada ya sadu da na batir ta ko'ina, sai ta giraun ɗin wayar sauti kawai, in ba haka ba ka sake buɗe hanyar da ka toshe. Ka liƙa kwandansa 100 nF daf da ƙafafun wutar Bluetooth ɗin. Wayar sautin kuma, na gani a hoton ta yi tsawo, ta bi gefen LM2596, wanda shi ma yana kaɗawa a 150 kHz. Gajarta ta, ka sa mai sulke, ka nesanta ta da shi.

Ita "shuuu" ɗin ba ta da wuya. TPA3116, wato IC ɗin da ke kan amfilifayarka, tana da matakan ƙara ƙarfi huɗu: 20, 26, 32 da 36 dB, kuma risisto biyu ne ke zaɓa. Da yawa daga cikin fanel ɗin da ake sayarwa a mataki na sama suke zuwa. Duba takardar bayanin IC ɗin, ka sauko da shi 26 ko 20, sai ka ƙara murya daga wayarka. Abu ɗaya da kada ka yi a neman shiru: haɗa nagetib ɗin sifika da giraun, ko haɗa na hagu da na dama. A wannan IC duka ƙafafun sifika biyu wuta ke fita ta cikinsu, haɗa su na iya ƙona ta.

Yanzu batir, wanda shi ya fi damuna. Ka ce da ganga ta buga da ƙarfi sai komai ya ɗauke. Na faɗaɗa hoton na ga batiran 18650 ɗinka uku, an rubuta musu 9900 mAh. Wannan rubutu ƙarya ne, abokina. Na ƙwarai a wannan girma ba su cika wuce 3500 ba. Irin waɗannan kuwa da an ja su da ƙarfi sai bolt ɗinsu ya zube. Yi lissafi da kanka: sifika mai om 4 a kan bolt 12 tana iya jan amfiya 3 a ƙololuwa, biyu kuwa 6. A daidai wannan fizgar, batirin da ya fi rauni yakan faɗi ƙasa da iyaka, sai BMS, wato fanel ɗin da ke kare batiran, ya yanke. Ba lalacewa ya yi ba, aikinsa yake yi, don Allah kada ka tsallake shi kamar yadda ka ambata. Shi ne tsakaninka da gobara.

Ɗauki mita ka auna kowane batir shi kaɗai, bayan caji, sannan a lokacin da kiɗa ke tashi. Wanda ya fi sauran zubewa shi ne mai laifi. Ni dai shawarata ka canja ukun gaba ɗaya da iri ɗaya, sababbi, sa'annin juna.

Cajar ma ba ta dace ba. Kowane batir yana cika ne a bolt 4.2, uku a jere 12.6. Adaftar bolt 12 da kake sawa za ta tsayar da kowanne a 4.0, bai taɓa cika ba ke nan. Kuma ba ta san ta taƙaita wutar da take turawa ba idan batir ya yi ƙasa. Nemi cajar litiyom ta 12.6. Batun zuƙewar caji cikin dare kuwa, makunninka amfilifaya kaɗai yake kashewa, LM2596 da Bluetooth suna nan suna sha har gari ya waye. Mayar da shi daidai inda wuta ta fito daga BMS, ka sa fis a gabansa. Wayoyin da ke zuwa amfilifaya su zama masu kauri, gajeru.

Af, wat 50 da aka rubuta a fanel ɗin, kada ka sa rai da shi a kan bolt 12. A om 4, wajen 18 ne iyaka ga kowace sifika kafin sauti ya fara dagulewa, kuma ya wadatar da ɗaki.

Fara da gwajin fawa bank ɗin, ba zai ci maka minti biyar ba. Idan ka yi, ka sake naɗo mini sautin, ka rubuto mini abin da mita ta nuna a kan kowane batir. Ina ɗokin jin yadda akwatin nan zai yi kiɗa idan ya samu tsaftatacciyar wuta. A gaida mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Abokinka