Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kaduna Kan Tunawa Da Marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna,
Sanata Uba Sani,
Gidan Gwamnati na Sir Kashim Ibrahim, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah Ya yi maka jagora a kan nauyin da ke wuyanka, na rubuto ne a kan marigayi Alhaji Ahmadu Chanchangi, wanda Allah Ya yi wa rasuwa ranar Laraba 19 ga Afrilu, 2017, da kuma makomar irin alherin da shi da ire-irensa suka yi wa jama'ar wannan gari. Na san ba baƙo ba ne a wurinka, domin Tudun Wada, inda ya zauna, tana cikin mazaɓar Kaduna ta Tsakiya da ka wakilta a Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023.

Asalin marigayin daga yankin Takum ne a Jihar Taraba ta yau, amma Kaduna ce ta zama gidansa, a nan ya yi kasuwancinsa, a nan kuma ya yi suna. A 1994 ya kafa kamfanin jiragen sama na Chanchangi, wanda ya fara jigilar fasinja a 1997, yana zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja da Legas da Fatakwal da Owerri, a daidai lokacin da kamfanin gwamnatin tarayya, Nigeria Airways, yake ta tangal-tangal har ya durƙushe a 2003. Ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani a ce jirgin da ke sauka a Legas hedikwatarsa a Kaduna take, mai shi kuma mutum ne da ake sallah sahu ɗaya da shi a cikin unguwa.

Sai dai idan aka ambaci sunansa a Tudun Wada ko Rigasa ko Unguwar Sanusi, ba maganar jirgi ce ke fara fitowa daga bakin mutane ba. Abin da suke tunawa shi ne attajirin da bai ƙaurace wa talakawa ba bayan Allah Ya buɗa masa, wanda ya sa dukiyarsa a gina masallatai da tallafa wa makarantun Islamiyya da buga littattafan addini ana rabawa kyauta. A ganina wannan na ƙarshe ya fi sauran nisan zango. Ɗalibin da mahaifinsa ba ya da kuɗin saya masa littafi, wanda da sai dai ya riƙa leƙa na abokinsa a zaure, ya samu nasa na kansa, ya naɗe shi da takardar buhun siminti don kada bangon ya yage, ya karance shi, ya bar wa ƙannensa. Da yawa daga cikin irin waɗannan ɗalibai yau su ne malamai da limamai, kuma wasunsu ba su taɓa ganin fuskar wanda ya biya kuɗin bugun ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da ke damuna. Tun kafin rasuwar marigayin jiragensa suka daina tashi, kuma Kaduna ta saba ganin irin haka: masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957, da sauran masaƙun Kakuri da suka ciyar da dubban gidaje, yau kango ne. To, idan kamfani mai rajista da jari da manajoji yana iya mutuwa, ina ga aikin alherin da ba shi da madogara sai aljihun mutum ɗaya da kyakkyawar zuciyarsa? Akwai wata makarantar Islamiyya da na sani, wadda wani bawan Allah daban ya gina kuma yake biyan malamanta duk wata. Bayan rasuwarsa albashi ya tsaya, malamai suka watse ɗaya bayan ɗaya, injin rijiyar burtsatsen da ke harabar ya lalace ba mai gyarawa, da damina yara suna jan tabarma zuwa gefen da rufi bai yoyo. Da aka zo rabon gado sai aka tarar takardar filin da sunan mamacin take, babu wata shaida a rubuce cewa ya bayar da wurin don Allah. Ban ga laifin magada ba, domin haƙƙinsu suka nema, kuma a cikinsu akwai marayu. Laifin na rashin tsari ne.

Addininmu bai bar mu babu mafita ba. Waƙafi, ko hubusi kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka fi kiransa, shi ne a tsare asalin dukiya a riƙa ciyar da amfaninta. Lokacin da Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar, shawarar da Manzon Allah (SAW) ya ba shi ke nan, sai ya bayar da shi a kan sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa Musulmi a Madina har yau waƙafinta yana nan da gonar dabino a kewaye. Amma fiƙihu ya gindaya ƙa'idoji da yawancin masu hannu da shuni ba su kula da su sai lokaci ya ƙure. A mazhabar Malikiyya hubusi ba ya tabbata sai abin ya fita daga hannun mai shi, an karɓe shi, tun kafin mutuwa ko ciwon ajali ko karayar arziki. Abin da aka bari sai a wasiyya kuwa, ba ya wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Ke nan niyya mai kyau kaɗai ba ta wadatarwa, sai an haɗa da shaidu da takarda da amintattun da za su riƙe amanar.

A nan ne maganar ta zo kanka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma da sa hannunsa ake bayar da takardar shaidar mallaka. Jiharmu tana da hukumar KADGIS wadda ke riƙe da bayanan filaye a kwamfuta. Roƙona shi ne ka sa a buɗe rajista ta musamman a wannan hukuma domin kadarorin da aka bayar saboda amfanin jama'a, ta yadda makaranta ko asibiti ko gidan marayu, tare da shago ko gonar da aka ware don ɗaukar nauyinsu, za su samu takarda da sunan amintattu, a rubuta a jikinta cewa ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a rabawa a gado. A sauƙaƙe kuɗin wannan rajista ko a yafe shi gaba ɗaya, domin bai kamata wanda ya ɗauke wa gwamnati nauyin ilimin yara ɗari ya yi ta safa da marwa a ofisoshi ba. Sannan a tura ƙudiri ga Majalisar Dokokin Jiha da zai wajabta wa amintattun bayyana lissafin shiga da fita duk shekara. Kai da ka shugabanci kwamitin harkokin bankuna da inshora a Majalisar Dattawa, ka fi ni sanin cewa mutane ba sa zuba dukiya inda ba a lissafi.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara ma suna da nasu hukumomin zakka da waƙafi, kuma ana iya aika mutane su ga inda suka dace da inda suka yi tuntuɓe. Manyan attajirai sun riga sun gane wannan hanya: a 2014 Alhaji Aliko Dangote ya ware wa gidauniyarsa dala biliyan 1.25, Janar T. Y. Danjuma kuwa, wanda shi ma ɗan Takum ne, tun kafin nan ya ware wa tasa dala miliyan 100. Su suna da lauyoyi da akantoci. Wanda ke buƙatar taimakon gwamnati shi ne ɗan kasuwar da ke Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci, mai shaguna uku da ke son ya bar ɗaya don ciyar da marayu, bai kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Tun da jiharmu ta Musulmi da Kirista ce, ya wajaba rajistar ta zama ta kowa, yadda wanda ya gina asibitin sha-ka-tafi a Kafanchan ko Zonkwa zai samu kariya daidai da wanda ya gina makaranta a Zariya.

Abu ɗaya nake jan hankali a kai, da dukkan ladabi: kada gwamnati ta riƙe kuɗin. Aikinta ya tsaya ga rajista da sa ido da hukunta wanda ya ci amana. Duk ranar da masu bayarwa suka ji cewa dukiyarsu za ta shiga baitulmali, ko kuma za a naɗa 'yan siyasa su juya ta, to za su janye hannu, kuma ba wanda zai zarge su.

Game da shi marigayin, ina ba da shawarar a fara da shi. A tuntuɓi iyalansa da malaman da suka yi aiki tare da shi, da yardarsu a tattara jerin masallatai da makarantun da ya gina ko ya tallafa wa, a duba halin da kowanne yake ciki da matsayin takardunsa, su zama na farko da za a shigar a rajistar, a kuma sa mata sunansa. Ya kamata a hanzarta, domin dattawan da suka san yadda aka yi waɗannan ayyuka, waɗanda za su iya ba da shaida a kansu, kullum raguwa suke yi.

Allah Ya jiƙan Alhaji Ahmadu Chanchangi, Ya kai haske kabarinsa, Ya albarkaci zuriyarsa. Kai kuma Allah Ya ba ka ikon duba wannan roƙo.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani mazaunin Tudun Wada, Kaduna.