Rahoton Ayyukan Shekara: An Yi Gasar Ƙirƙira, Gonar Gwaji Ta Tsaya

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi.

An gudanar da tarukan wata-wata na ƙungiyarmu ta ɗalibai kamar yadda aka saba, ban da na watan jarrabawa.

Abin da ya fitar da mu kunya a bana shi ne gasar ƙirƙira ta ɗalibai, wadda muka ɗora a kan rage asarar amfanin gona bayan girbi. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Kwanar Gafan ta jihar Kano a kakar tumatir ya san dalili: kwanduna jibge a rana, suna ruɓewa kafin motar Kudu ta yi lodi. Zauren ya cika maƙil, har da manoman rani da suka baro fadamarsu suka zo. Rukunin 'yan aji uku ne suka zo na ɗaya da akwatin busar da tumatir da hasken rana, na katako da raga da farar leda. Iska tana shiga ta ƙasa ta yi zafi ta fita ta sama, kauɗar ta bushe ba yashi ba ƙuda, ba kamar wadda ake shanyawa a gefen titi ba. Wani dattijo daga cikin manoman ya ɗauki kauɗar ya shinshina, nan take ya tambayi kuɗin haɗa akwatin. 'Yan matan da suka zo na biyu sun faɗaɗa fasahar tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya karɓi lambar yabo ta Rolex a kanta a 2000. Jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu ne ke sanyaya kayan miya, su kuma suka gina ta da bulon ƙasa yadda za ta ɗauki kwando guda. A ganina aikinsu bai gaza na farko ba.

Sai maganar gonar gwaji, da wasu ke ta tsegumin cewa sakaci ne ya tsayar da ita. Ba sakaci ba ne. Shirin shi ne a noma wake, a adana rabi a buhun PICS mai ninki uku, wanda ke kashe ƙwari da rashin iska ba tare da magani ba, rabi kuma a buhun da aka saba, manoma su ga bambanci da idonsu. An yi sharar gona, an sayi iri. Da aka zo kuɗin huɗa, asusu ba komai, damina kuwa ba ta jiran kowa. Ziyarar da muka shirya zuwa cibiyar binciken noma ta Samaru ita ma ta faɗi, domin tun da aka cire tallafin fetur a 2023 shatar mota ta fi ƙarfin abin da muke tarawa.

Ko rabin mambobi ba su biya kuɗin shekara ba. Ni da ma'aji mun bi mutane ɗaki-ɗaki, mun tura saƙo a WhatsApp har mun gaji. Abin takaici, waɗanda ba su biya ba su ne suka fi ɗaga murya ranar rabon takardar shaida. Kyautar gasar ma daga aljihun shugabanni da gudummawar tsofaffin ɗalibai ta fito, Allah ya saka musu da alheri.

Irin waken yana nan a ajiye. Wanda ake bi bashi ya ga ma'aji kafin taron zaɓe, domin kwamitin zartarwa ya yanke cewa wanda bai biya ba ba zai yi zaɓe ba, ba kuma zai shiga gasar baɗi ba.

Sakataren ƙungiya